Cocin Wies a Karkarar Bavariya: Yadda Sawun Maziyarta Ya Tsara Gini da Zane

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi cocin Wies da ke yankin Steingaden a kudancin Bavariya ta ƙasar Jamus, wanda aka gina tsakanin 1745 da 1754 domin masu ziyarar ibada na ɗarikar Katolika. An saba gabatar da shi a matsayin ƙololuwar salon rokoko, salon adon da fadojin Turai suka yi yayi a ƙarni na 18. Maƙalar ta bi tarihin kafuwarsa da fasalin gininsa da zanen da ke rufinsa, domin ta nuna cewa manoma da matafiyan da suka yi ta tururuwa zuwa wurin su ne suka zaɓi filin, bukatunsu kuma su ne suka ja hannun magini da mai zane.

Gabatarwa



Duk wanda ya buɗe littafin tarihin gine-ginen Turai zai ci karo da hoton cikin cocin Wies: fararen ginshiƙai, ruwan zinari, rufi mai launin sararin samaniya. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihin duniya a 1983, kuma kimanin mutum miliyan ɗaya ne ke zuwa ganinsa a kowace shekara. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne inda ginin yake. Babu birni kusa da shi, babu fada, babu kasuwa. Yana tsaye ne a tsakiyar makiyaya, dazuzzuka da fadamu sun kewaye shi, tsaunukan Alps suna bayansa, garin Steingaden kuma yana can 'yan kilomitoci kaɗan. Tambayar da ta haifi wannan nazari ita ce: me ya kai gwanayen da suka ƙawata fadar Munik wannan lungu, kuma wa suka yi wa aikin?

Mutum-mutumin da aka jingine

Labarin ya faro ne daga wani abu da masu shi suka raina. A 1730 wasu sufaye biyu na gidan sufayen Steingaden, Fada Magnus Straub da ɗan'uwansa a sufanci Lukas Schweiger, suka haɗa wani mutum-mutumin Yesu Almasihu a halin da aka ɗaure shi jikin ginshiƙi ana yi masa bulala. Ba daga itace ɗaya suka sassaƙa shi ba. Gaɓoɓin tsofaffin sassaƙe-sassaƙe suka tattaro suka harhaɗa, suka naɗe mahaɗan da ƙyallen lilin, suka shafa fenti, suka zana raunuka da jini. An yi shi ne domin jerin gwanon ranar Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Almasihu, kuma an fita da shi daga 1732 zuwa 1734. Daga nan aka daina, saboda kamanninsa sun yi ban tausayi fiye da kima, aikin kuma ba na gwani ba ne. Aka kai shi ɗakin ajiya a saman gidan mai masaukin baƙi na gidan sufayen, ƙura ta rufe shi.

A 1738 wata matar manomi mai suna Maria Lory ta roƙa aka ba ta shi, ta kai shi gidan gonarsu da ke Wies, ita da mijinta suna addu'a a gabansa. Ranar 14 ga Yuni na wannan shekara, lokacin addu'ar maraice, suka ce sun ga ɗigon ruwa a fuskarsa, suka ɗauke shi a matsayin hawaye. Ba aikin masanin tarihin fasaha ba ne ya yanke hukunci a kan wannan ɗigo. Aikinsa shi ne ya bi abin da ya biyo baya, kuma abin da ya biyo bayan a rubuce yake. Labari ya bazu, maƙwabta suka fara zuwa, sannan na nesa. A 1740 aka gina ɗan ƙaramin ɗakin sujada a bakin gonar, wanda har yau yana nan kafin a hau tudun da babban cocin yake. Nan da nan ya yi wa jama'a kaɗan. Mutane suka riƙa zuwa daga sassan Jamus da Ostiriya da Bohemiya, har da Italiya.

Ya kamata a lura da jerin shekarun nan, domin a kansu hujjar wannan maƙala ta dogara. Hawayen a 1738, ɗakin sujada a 1740, amma izinin yin sujadar Mas a wurin bai samu ba sai 1744. Shekara shida ke nan jama'a suna gaba, hukumomin coci suna biye da su cikin taka-tsantsan. Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Tun bayan babban taron majalisar cocin Katolika a Trent, wanda aka kammala a 1563, an amince da girmama hotuna da sassaƙe-sassaƙe a wuraren ibada, amma an ɗora wa bishop-bishop alhakin tantance duk wani sabon labarin mu'ujiza. Ga shi kuma zamanin ya zo daidai da tasowar masu ra'ayin wayewar kai, waɗanda ke kallon irin wannan ibada ta ƙauyawa a matsayin camfi, cikinsu har da wasu malaman cocin kansu.

Akwai kuma halin da ƙasa take ciki. Daga 1740 zuwa 1748 Turai tana cikin yaƙin gadon sarautar Ostiriya, kuma Bavariya ta ɗanɗana kuɗarta: mai mulkinta Karl Albrecht ya samu rawanin babbar daular Jamusawa a 1742, amma sojojin Ostiriya suka mamaye ƙasarsa. Ya rasu a farkon 1745, ɗansa Maximilian na Uku ya ƙulla sulhu a garin Füssen a watan Afrilu na wannan shekara, garin da ba shi da nisa da Wies. Manomin da sojoji suka cinye masa hatsi, suka kore masa shanu, shi ne ya tsaya gaban wannan siffa mai sarƙa a wuya da hannuwa. Ina ganin abin da ya sa sufaye suka jingine ta, wato tsananin ban tausayinta, shi ne ya jawo mata waɗannan mutane.

Shawarar da sufaye suka yanke

Gidan sufayen Steingaden tsoho ne. Welf na Shida ya kafa shi a 1147, ya damƙa shi ga 'yan ƙungiyar Premontre, waɗanda Norbert na Xanten ya assasa a Faransa a 1120. Su ba sufayen kulle kai ba ne zalla. Limamai ne masu hidimar ikilisiyoyin ƙauyuka, saboda haka sun san jama'arsu. Da ziyara ta yi ƙarfi, hanya mafi sauƙi da arha a gare su ita ce su ɗauko mutum-mutumin su mayar da shi babban cocinsu na Steingaden, inda akwai gini da masauki da hanya. Shugabansu Hyazinth Gassner bai bi wannan hanya ba. Ya yanke shawarar a kai ginin inda jama'a suka riga suka bar sawu. Ya rasu a 1745, shekarar da aka fara aikin, magajinsa Marianus Mayer ya ci gaba da shi. An aza harsashi a hukumance ranar 31 ga Agusta 1746. A 1749 aka gama sashen bagade aka shigar da mutum-mutumin, sannan aka keɓe cocin gaba ɗaya ranar 1 ga Satumba 1754.

Yadda aka jera aikin ma yana da abin faɗi. Sashen bagade aka fara ginawa, aka buɗe shi ga maziyarta shekara biyar kafin a gama babban zauren. Ziyara ba ta tsaya jiran magina ba ko na rana ɗaya.

'Yan'uwa biyu daga Wessobrunn

Maginin shi ne Dominikus Zimmermann, wanda aka haifa a 1685, mai zanen kuma wansa ne Johann Baptist Zimmermann, haihuwar 1680. Dukansu 'yan yankin Wessobrunn ne, ƙauyen da ya yi suna a Turai wajen fitar da ɗaruruwan masu adon filasta, waɗanda kan bar gida da bazara su bazu wuraren aiki, su komo da hunturu. Wan ya zama ma'aikacin fadar Munik, ya yi aiki tare da François de Cuvilliés a ɗan ƙaramin gidan shaƙatawa na Amalienburg tsakanin 1734 da 1739, inda ya laƙanci sabon adon da ya fito daga Faransa. Ƙanin bai shiga fada ba. Ya fara ne da ƙera bagadai da marmarar filasta, ya zauna a Füssen, sannan ya koma Landsberg a 1716, inda har ya riƙe muƙamin magajin gari.

Wannan asali nasa yana da muhimmanci wajen fahimtar Wies. Dominikus ya shigo gini ta ƙofar ado, ba ta ƙofar lissafin dutse ba. A hannunsa bango da adon bango abu ɗaya ne, yana tunaninsu tare. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga maginin gargajiya a Zariya ko Kano yana murza zane da yatsunsa a jikin ɗanyen yaɓe zai gane irin saurin da aikin ke bukata: farar ƙasa da garin filasta da yashi ake kwaɓawa, a ɗora a kan ƙusoshi da waya, a fitar da siffa kafin kwaɓin ya daskare.

'Yan'uwan sun riga sun gwada hannunsu tare a cocin ziyara na Steinhausen, wanda Dominikus ya gina daga 1728 zuwa 1733 wa gidan sufayen Schussenried, su ma 'yan Premontre. A can ya fara fitar da zaure mai siffar ƙwai da ginshiƙai a kewaye. A can kuma kuɗin aiki ya zarce ƙiyasi ƙwarai, har shugaban gidan sufayen ya rasa kujerarsa. Duk da haka sufayen Steingaden suka kira Dominikus. Lokacin da aka fara Wies yana da shekara sittin, wansa kuma ya haura saba'in lokacin da yake kan dandamali yana zana rufin babban zaure.

Fasalin ginin

Daga waje cocin ba shi da wani ado na a zo a gani. Bango ne mai haske da manyan tagogi, rufi mai tudu a kan zauren, sannan ya sauko a kan sashen bagade, hasumiya ɗaya a gabas, gidan limamai manne da ita. Masu nazari da yawa sun lura cewa layin rufin yana bin layin duwatsun Trauchgau da ke bayansa. Matafiyin da ya kwana biyu yana taka sayyada, abin da yake bukata daga nesa shi ne alamar isowa, kuma ita ginin ke ba shi. Sauran an ɓoye masa shi sai ya shiga.

Idan ya shigo ta yamma, zai ratsa ɗan soro mai siffar rabin da'ira, ya faɗa cikin zaure mai siffar ƙwai. Ginshiƙai goma sha shida ne ke ɗauke da rufin, an jera su bibbiyu, wato tagwaye takwas. Tsakaninsu da bangon waje akwai siririyar hanya da ta zagaye zauren. A gabas zauren ya buɗe zuwa sashen bagade, dogo mai zurfi, shi ma da hanya a gefensa hawa biyu, ta ƙasa da ta sama.

Ana iya bayyana wannan fasali da harshen salo kawai, a ce siffar ƙwai yayin zamanin ce. Gaskiya ne, amma bai isa ba. Cocin ziyara yana da matsalar da cocin unguwa ba shi da ita. A cocin unguwa jama'a suna shigowa lokaci ɗaya, su zauna, su tashi lokaci ɗaya. A cocin ziyara ayari ne ke isowa bayan ayari, kowanne da tutarsa da limaminsa. Wasu suna sauraron wa'azi, wasu suna jiran furta zunubi, wasu kuma burinsu kawai su matsa kusa da mutum-mutumin su durƙusa, su ajiye kyandir, su wuce. Hanyar kewayen nan ita ce maganin wannan cunkoso. Mai tafiya yana bin bayan ginshiƙai har ya isa gefen bagade ba tare da ya ratsa sahun masu sujada ba. Siffar ƙwan kuma tana tara jama'a wuri ɗaya yadda kowa zai ga mumbari ya ji mai wa'azi, amma saboda ta fi tsawo ta gabas da yamma, ido ba ya yawo, bagade yake nufa. Balthasar Neumann ya fuskanci irin wannan matsala a cocin Vierzehnheiligen da aka fara a 1743 a arewacin Bavariya ta yau, ya warware ta da sa bagaden ziyara a tsakiyar zaure. Zimmermann ya bar nasa a ƙuryar gabas, ya mayar da tafiya zuwa gare shi wani ɓangare na ibadar.

Tagwayen ginshiƙan suna da wani amfani na biyu, wanda ya shafi haske. Da ginshiƙi ɗaya mai kauri aka sa a kowane wuri, da ya tare tagar da ke bayansa. Da aka raba shi biyu, haske yana ratsowa ta tsakani. Tagogin kansu farin gilashi ne, ba mai launi ba, an jera su rukuni-rukuni, dogaye a ƙasa, masu lanƙwasassun siffofi a sama. Wanda ke tsakiyar zaure yana ganin fararen ginshiƙai a gaban bango mai haske, sai nauyin ginin ya ɓace masa.

Sirrin wannan rashin nauyi yana cikin rufin. Mai kallo daga ƙasa zai rantse ƙubba ce ta dutse. Katako ne. Kafintoci suka ƙera gadon rufin, aka rataye siraran katakai a jikinsa, aka yaɓe su da filasta. Tsakiyarsa kusan a shimfiɗe yake, gefensa ne kawai ya lanƙwasa, zane ya ƙarasa sauran. Saboda rufin ba shi da nauyin dutse, ginshiƙai suka samu damar zama sirara, bango ya samu damar ɗaukar tagogi masu yawa. A sashen bagade Dominikus ya kai wannan dabara matuƙa. Bakunan da ke saman baranda, wato hanyar gefe ta sama, ba sa ɗaukar komai, rataye suke suna lanƙwasowa ƙasa, an kuma huda ramuka a samansu, an kewaye kowane rami da ado. Ta cikin waɗannan ramuka ake hango ƙananan zane-zanen da ke rufin baranda, na warkarwar da Linjila ta ce Yesu ya yi wa makafi da guragu da sauran marasa lafiya. Mai lissafin dutse zai ce wannan ba gini ba ne, wasa ne da katako. A ganina an yi masa rashin adalci, domin an huda ramukan ne daidai inda idon mai durƙuso zai faɗa idan ya ɗaga kai, kuma yawancin masu durƙuson nan neman lafiya ne ya kawo su.

Launi ma an raba shi da lissafi. Babban zaure fari ne, da ɗan zinari da launuka marasa ƙarfi a kan adon nan mai kama da ɓawon kifin teku da harshen wuta. Yayin da aka matsa gabas sai launi ya yi nauyi. Ginshiƙan bagade ja ne, na barandar gefe shuɗi-shuɗi, dukansu marmarar filasta ce da aka kwaɓa da launi aka goge har ta yi sheƙi. Fassarar da aka saba bayarwa ita ce ja na nufin jinin Almasihu, shuɗi kuma alherin da ke saukowa daga sama. A tsakiyar wannan duka, a ƙasan babban zanen bagade na Balthasar August Albrecht, tsakanin siffofin marubutan Linjila huɗu da annabawa Ishaya da Malakai waɗanda Aegid Verhelst ya sassaƙa, nan aka tsayar da wancan mutum-mutumi na gaɓoɓin aro da ƙyallen lilin. Ba a sake shi ba, ba a nemo gwani ya sassaƙa wanda ya fi shi kyau ba. Duk gwanintar da ke cikin ginin an yi ta ne domin ta yi masa rakiya.

Kursiyi da ƙofa

Zanen babban rufin shi ne zuciyar cocin, kuma a nan ne Johann Baptist ya nuna cewa ya san waɗanda yake yi wa magana. Jigon zanen shi ne ranar shari'a, jigon da masu zanen Turai suka saba cika shi da ma'auni da wuta da kukan waɗanda aka hukunta. A Wies babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. A tsakiyar sararin sama Almasihu yana zaune a kan bakan gizo, alamar alkawarin da Allah ya yi wa Nuhu bayan ruwan tufana. Yana nuni ga gicciye da kuma raunin da ke ƙirjinsa. Manzanni suna kan gizagizai, mala'iku suna kewaye. A ƙarshen rufin ta gabas, daidai saman mashigar sashen bagade, an zana kursiyin shari'a da dukan adonsa, amma babu kowa a kansa. A ɗaya ƙarshen ta yamma, saman ƙofar fita, an zana ƙofar lahira, a rufe, da rubutun Latin daga littafin Ru'ya ta Yohanna game da ƙarewar zamani.

Sai an haɗa wannan zane da tafiyar mai ziyara sannan ma'anarsa ke fita. Yana shigowa fuskarsa na gabas, abin da ya fara gani a sama shi ne kursiyin: alƙali bai zauna ba tukuna. A ƙarƙashin kursiyin, can ciki, ga wanda zai zauna a kansa, ɗaure da sarƙa. Idan ya gama ibadarsa ya juya zai fita, sai ya yi ido biyu da ƙofar: ba a buɗe ta ba tukuna. An tsayar da lokaci a daidai taƙin da ya rage kafin hukunci, wato lokacin tuba. Manomin da bai iya karatu ba, balle Latin, yana karanta wannan da ƙafarsa da wuyansa, shiga da fita.

Sauran kayan zauren suna tafiya a kan wannan jigo. Bagadan gefe biyu suna ɗauke da labarin masu zunubi biyu da aka yafe wa, matar nan da ta zo wurin Yesu tana kuka, da Bitrus wanda ya yi musun saninsa. A gindin tagwayen ginshiƙai akwai manyan fararen siffofi huɗu na magabatan malaman cocin Yamma, Jerom da Ambros da Agustin da Giregori, aikin Anton Sturm na Füssen. Mumbari yana hagu, barandar shugaban sufaye tana fuskantarsa a dama. A rufin sashen bagade mala'iku ne ke gabatar da kayan azabar gicciye a gaban Allah. Kayan kiɗan ogan da ke saman ƙofar yamma Johann Georg Hörterich ne ya ƙera shi a 1757.

Batun kuɗi

Ba zai yiwu a tsallake batun kuɗi ba. An ƙiyasta aikin a kan gulden 39,000, ya ƙare a wajen 180,000, kuma gidan sufayen Steingaden bai sake miƙewa daga nauyin bashin ba. Sadakar maziyarta ta taimaka, amma ba ta rufe ramin ba. Mai suka yana da hujja idan ya ce ƙasar da ta fito daga yaƙi ta fi bukatar hatsi da gyaran hanya a kan ruwan zinari. Hukuma ma ta zo ga irin wannan ra'ayi ba da jimawa ba: a 1770 gwamnatin Maximilian na Uku ta ba da umarnin rage adon filasta a cocin karkara, ta nemi a koma ga sauƙin gini. Shekara goma sha shida kacal bayan keɓe Wies, salonsa ya zama abin da doka ke hararsa.

Duk da haka akwai abin da ya kamata a sa a ɗaya bangaren ma'auni. Adon da ke Amalienburg an yi shi ne domin mai mulki da iyalinsa da 'yan rakiyarsu a ranar farauta. Ƙauyawa ba su da hanyar ganinsa. A Wies hannun da ya yi wancan shi ya yi wannan, ƙofa kuma a buɗe take ga duk wanda ya iso, ko da takalminsa cike yake da taɓo. Ba na jin akwai wani wuri a Bavariya ta wancan zamani da talaka ya samu rabo daga fasahar fada kamar nan.

Shi kansa Dominikus bai iya rabuwa da wurin ba. Ɗansa Franz Dominikus ya auri Maria Lory bayan rasuwar mijinta, shi kuma tsohon ya gina gida a gindin cocin, ya zauna a ciki har ya rasu a 1766. A 1757 ya zana allon godiya da hannunsa, inda ya nuna kansa durƙushe, cocin yana bayansa, kamar kowane mai ziyara.

Bayan 1803

A 1803 gwamnatin Bavariya ta rushe gidajen sufaye ta ƙwace dukiyarsu, Steingaden na ciki. Labarin da ya fi yawo a bakin masu yi wa baƙi jagora shi ne wai an so a yi gwanjon cocin Wies a rushe shi, manoman yankin suka cece shi. Labari ne mai daɗin ji, kuma zai yi wa hujjar wannan maƙala daɗi, amma takardun hukumar da ta gudanar da ƙwacen sun nuna cewa ita kanta ta goyi bayan a ci gaba da ziyarar. Abin da ya tabbata shi ne sufayen sun watse, ziyara ba ta yanke ba. Kwafin mutum-mutumin ya bazu a coci-coci da gidaje a kudancin Jamus da maƙwabtanta, har akwai wani coci kusa da Freising da ake kira da sunan Wies saboda haka. A yau cocin yana ƙarƙashin bishop na Augsburg, ana bikin tunawa da hawayen a watan Yuni, bikin keɓe cocin a Lahadin farko ta Satumba, bikin ƙungiyar 'yan'uwantakar wurin kuma a Oktoba.

Daga 1985 zuwa 1991 an yi wa ginin babban gyara, domin rufin katako da filasta abu ne mai motsi da sauyin zafi da laima, yana tsagewa, yana saki. An ƙarfafa adon, an wanke shi, an bi launin asali. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan wannan gyara, da kan 'yan'uwan Zimmermann, da kan kowane lanƙwasa na adonsu.

Akwai kuma wata taska a cikin cocin da baƙi kan wuce ta da sauri. A hanyar kewayen bagade an rataye allunan bakance, ƙananan zane-zane da mutane suka kawo domin cika alkawarin da suka ɗauka a lokacin tsanani: mara lafiya a kan gado, iyali a durƙushe, dabbobin gida, shekara a rubuce a ƙasa, siffar mai sarƙa a sama cikin gajimare. Masu zanen ƙauye ne suka yi yawancinsu, ba su da suna a littattafan fasaha. Amma a jikinsu ake ganin tufafin mutanen da aka gina cocin dominsu, da cututtukan da suka dame su, da abin da suke tsoron rasawa. Ina kira ga abokan nazari, musamman ɗalibanmu masu sha'awar tarihin gine-ginen addini a ko'ina suke, da su ba irin waɗannan alluna matsayin da suke ba zanen rufi, su karanta su a matsayin takardun tarihi, domin da su ne za a iya rubuta tarihin Wies daga ɓangaren waɗanda suka taka zuwa can.